Ku Tambayi Malam: In Karɓi Ajin Jarrabawa a Damagaram?

Wasiƙu uku na ware wannan makon, domin duk a kan abu guda suke, wato malamin Turanci da ya bar gida ya tafi koyarwa wata ƙasa. Ta farko ce za ta cinye filin, sauran biyun su yi haƙuri da abin da ya rage.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin Turanci ne a wata makaranta mai zaman kanta a nan Gombe. Wani abokin yayana da ke fataucin dabbobi tsakanin nan da Nijar ya haɗa ni da mai wata makaranta a Damagaram. Malaminsu na Turanci ya ajiye aiki, suna so in zo yanzu in karɓi azuzuwan da za su zana jarrabawar fita. Albashin da ya ambata, in an canza shi zuwa naira, ya fi abin da nake samu nesa ba kusa ba. Na ji an ce ka taɓa koyarwa a can. Yaya rayuwar malami baƙo take a lokacin jarrabawa? In tafi ko in haƙura? Daga ƙaninka a Pantami, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka tafi, amma ba yanzu ba. Ka gaya wa mai makarantar kana nan tafe in an buɗe sabuwar shekarar karatu, wajen Oktoba. In ya kafe a kan sai yanzu, to ka yi hattara, domin ajin da ya rage masa 'yan makonni ya shiga jarrabawa, malaminsa kuma ya tafi ya bar shi, duk wanda ya karɓe shi ya karɓi laifin wani. In yara sun ci, a ce aikin tsohon malami ne. In sun faɗi, a ce ai ɗan Nijeriyar nan ne ya rikita su.

Aikin kansa ba abin rainawa ba ne. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka fito da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tun kafin nan ma iyaye na son 'ya'yansu su iya Ingilishi, saboda cinikin Kano da kuma masu zuwa jami'o'in Nijeriya da Ghana. Buƙatar malamai gaskiya ce. Abin da nake so ka gane shi ne tsarin da za ka shiga ba irin wanda ka tashi a cikinsa ba ne.

Yaro a can yakan yi shekara 6 a firamare, ya yi 4 a abin da suke kira kwaleji, sannan ya zana BEPC. In ya ci sai ya wuce lise ya yi shekara 3, ya zana Bakaloriya, wadda kowa ke ce wa Bak. Duka biyun tsakanin ƙarshen Yuni da watan Yuli ake yin su. Ingilishi kuwa a mafi yawan makarantu sai an shiga kwaleji ake fara shi, 'yan sa'o'i a mako, sauran darussa duk da Faransanci. Kai ka saba da yaran da tun suna firamare ake musu lissafi da kimiyya da Turanci, ko da gurgun Turanci ne. Waɗannan Turancinsu ta cikin Faransanci yake biyowa. Yaro zai so ya ce shekarunsa 17 sai ya rubuta maka "I have 17 years", kuma ba sakarci ba ne, haka Faransanci ke gina maganar. In ba ka san inda kuskuren ya fito ba, za ka yi ta jan layi da jan biro har shekara ta ƙare bai daina ba.

Ga kuma tarkon da ke jiran Bahaushe musamman. Ranar da yara suka gane kana jin Hausa, sun sami sauƙi, kowace tambaya da Hausa za ta zo. Ofis kuma ba ruwansa da Hausarka: sanarwa da Faransanci, takardar sakamako da Faransanci, taron malamai na ƙarshen zango da Faransanci, kuma a wannan taron ne ake yanke wa yaro hukuncin wucewa gaba ko maimaita aji. Za ka zauna ana maganar ɗalibinka kana kallon bakin mutane. Shi ya sa watannin da ke tsakanin yanzu da Oktoba suke da amfani. Akwai cibiyar Alliance Française a Kano da Jos, in kuma hakan ya yi maka nisa, nemi malamin Faransanci a nan Gombe ya riƙa yi maka darasi da yamma.

Sai batun maki, wanda a nan ne baƙo ya fi shan kunya. Su komai a kan 20 suke auna shi, 10 ce iyakar ci. Kada ka ce ai sai in raba makin WAEC gida biyar. A lissafi 75 ɗin da ke ba yaro A1 a nan daidai take da 15 a can, amma a hannun malamansu 15 ba ta fita da arha. 12 ma yabo ce, 14 abin a je gida a nuna wa uwa ne, 16 kuwa sai a yi ta zancen yaron a ofis. Malamin da ya zo da hannun Nijeriya ya fara raba 17 da 18, yara za su so shi na wata biyu, sannan jarrabawar gwaji ta zo, wani malami ya duba takardun nan ya ba su 9, sai kallo ya koma kansa. Kuma kowane darasi da nauyinsa. A ɓangaren adabi, wanda suke kira A, makin Ingilishi yana da nauyi sosai, yana iya ɗaga yaro ko ya kayar da shi. A ɓangaren kimiyya, C da D, nauyinsa bai kai haka ba, saboda haka kada ranka ya ɓaci in ka ga yaro a watan Mayu ya ɓoye littafin lissafi a ƙarƙashin naka yana aiki. Lissafinsa daidai ne. Makon farko da ka sauka, ka roƙi wani tsohon malami ya ba ka takardun jarrabawar shekarun baya, ya kuma yarda ku duba takardu goma tare, kai da fensir shi da biro, ku gwada hannu.

Ka tambayi yadda rayuwar take. Daga Afrilu zuwa saukar ruwan farko, zafin Damagaram yana wuce maki 40 a ma'aunin zafi ba tare da wata gardama ba. Zafin Gombe da kake kuka da shi a watan Maris share fage ne. Da safe za ka shiga aji mai rufin kwano, yara cike har bakin allo, kafin ƙarfe 11 alli ya fara narkewa a hannunka saboda gumi. Da rana ba abin da ke shiga kan kowa. Garin kuma ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa, don haka mai garuwa zai zama mutum mafi muhimmanci a rayuwarka bayan mai makaranta, ka kyautata masa, ka biya shi a kan lokaci. Wuta tana zuwa tana tafiya, kuma a lokacin zafin ne ta fi tafiya.

Duba takardu sai dare. Ni a tsakar gida nake shimfiɗa tabarma bayan isha'i, in ɗora tarin takardu a gefe, in danne su da dutse saboda iska, fitila mai caji a kan kujera 'yar tsugunno, ƙwari suna ta faɗowa kan rubutun. Sai ka sa tsumma a ƙarƙashin hannunka, in ba haka ba gumi zai jiƙa takardar yaro jan biro ya baje. Rubutunsu haɗaɗɗe ne irin na Faransawa, mai kyau a ido, mai wuyar karantawa ga wanda bai saba ba. Lambar 1 tasu tana da dogon baki har ta yi kama da 7 ɗinmu, 7 kuma sai an gitta mata layi a ciki. Inda muke sa ɗigo su waƙafi suke sawa, 12,5. Ƙaramin abu ne, amma in ka rubuta 11 da hannunka na gida sakatare ya kasa karantawa, rigima ce. A shekarun 2016 da 2017 azumi ya faɗo daidai kan watan Yuni, sai aikin ya koma tsakanin tarawihi da sahur.

Abin da ya fi burge ni kuwa yaran ne. In ka fita da dare za ka gan su rukuni-rukuni a ƙarƙashin fitilun titi, ko a jikin katangar wani gida inda aka shafa baƙin fenti aka mai da ita allo, ɗaya yana rubutu sauran suna gardama, ga ɗan gawayi da butar shayi a gefe. Wasu sai ka ga suna kai-komo su kaɗai da littafi a hannu suna hadda. Muddin suka san gidanka, ka rabu da barcin wuri. Za su yi sallama ƙarfe 10 na dare da tambaya a kan yadda ake mai da zance daga bakin mai shi zuwa bakin mai ba da labari. Ban taɓa korar ɗaya ba, amma na sa doka: a ƙofar gida ake zama, a fili, kuma 'yan mata sai da rana a makaranta. Kai baƙo ne, magana ɗaya ta ishe ka.

Masu zuwa da dare ba yara kaɗai ba ne. Da an kusa rufe makin shekara, iyaye za su fara sallama bayan magariba, wani da ƙunshin kilishi, wani da zabuwa a hannun yaro. Za a gaisa, a tambayi mutanen Gombe, a yi zancen damina, sannan a ce, "Malam, yaron nan naka rabin maki ne kawai ya hana shi kai wa goma." Ɗan gari yana da hanyoyin zillewa, yana da kawu da surukin da za su tare masa. Kai ba ka da kowa, kuma da Hausa ake roƙonka, harshen da kunyarka take ciki. Dabarar da ta fisshe ni ita ce miƙa maki ofis tun kafin in raba wa yara takardunsu. Duk wanda ya zo sai in ce, "Wallahi Alhaji abin ya bar hannuna, sai dai a ga mai kula da karatu." Kilishin kuma in an matsa ka karɓa, ka kai ɗakin malamai a ci tare a gaban kowa. In ka ƙara wa ɗaya rabin maki, kafin Juma'a unguwa ta sani.

Ranar jarrabawar ƙasa kuma sai ka ga iyakarka. Gwamnati ce ke naɗa masu tsaro da masu dubawa, ana haɗa yaran makarantu daban-daban a cibiya ɗaya, ana rufe sunan yaro a sa lamba. Ni dai ba a taɓa kira na ba, kuma kai ma kada ka sa rai. Malamin da ya kwana wata takwas a kan yaran nan zai tsaya a waje a gindin darbejiya tare da iyaye da masu sayar da ruwan sanyi, yana jiran a fito ya karɓi takardar tambayoyi ya ga ko abin da ya koyar ya fito. Sakamako ma a cibiyar nake zuwa ji, ana kiran sunayen waɗanda suka ci ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, wannan ta yi guɗa, wancan ya sulale ya bar wurin tun ba a gama ba. Waɗanda suka kusa kai wa goma akan ba su zagaye na biyu, sai su biyo ka gida a guje, a sake sabon karatu na kwana biyu ko uku. Washegari mai makaranta zai ƙirga kashi nawa cikin ɗari suka ci, domin da wannan lambar zai yi tallar makarantarsa a shekara mai zuwa, da ita kuma zai auna ko zai sake kiranka.

Kafin ka ce masa to, abu biyu su shiga takarda. Na farko albashin hutu. Daga Yuli zuwa Satumba ba karatu, kuma makarantun kuɗi da yawa sa'o'in da ka koyar kawai suke biya. Albashin da ya yi maka kyau ɗin nan, in na wata tara ne, raba shi 12 ka sake dubawa, ka cire haya da ruwa da kuɗin mota ta Kano da Daura in za ka leƙo gida. Na biyu, a rubuta kuɗin da lambobi, a sefa. A bakin mutanen can da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuma sefa 1000, to ciniki da baki yana iya sa ku rabu kowa da abin da ya fahimta. Batun takardun zama kuma kada ka dogara da yadda ake yi a da. Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025, kuma ka tuna yadda iyaka ta kasance a rufe daga Agustan 2023 har Maris na 2024, mutane suka maƙale. Ka yi fasfo, ka riƙe katin rigakafin shawara, ka je ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano ka tambaya da bakinka. Kuma ka ce a ba ka azuzuwan tsakiya a shekarar farko, ajin jarrabawa ya jira shekara ta biyu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na ga talla a Facebook cewa ana neman malaman Turanci a Koriya ta Kudu da Sin, wai yanzu da jarrabawa ta gabato suna ɗauka da gaggawa. Mutumin ya ce in tura kuɗin fom da na biza, shi zai yi sauran. Ina da digiri a Turanci. Daga ɗalibarka a Yelwa, Bauchi.

AMSA: 'Yata, riƙe kuɗinki. Bizar da Koriya ta Kudu ke ba malaman Turanci, wadda ake kira E-2, an gina ta ne a kan 'yan ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Nijeriya ba ta cikin jerin, komai kyan digirinki. Ban ce adalci ba ne, amma haka dokar take, kuma ba ɗan Facebook ne zai canza ta ba.

Zancen gaggawa saboda jarrabawa ma shi ya tona shi. Babbar jarrabawarsu ta shiga jami'a rana ɗaya ce, wata Alhamis a watan Nuwamba, kuma ƙasar ta ɗauke ta da muhimmancin da har ofisoshi kan jinkirta buɗewa don hanya ta yi sauƙi, ana kuma dakatar da tashi da saukar jiragen sama na kusan rabin sa'a lokacin da yara ke sauraron ɓangaren Ingilishi. Ƙasar da ta yi wannan ba za ta damƙa shirin jarrabawar a hannun baƙon da ya sauka jiya ba. Malaman gida ne ke yi. Baƙo aikinsa koyar da magana, kuma da jarrabawa ta matso sai a karɓe sa'o'insa a ba malaman gida, ya wuni zaune a tebur yana kallon kwamfuta. A Sin ma haka. Jarrabawarsu ta Gaokao tana farawa 7 ga Yuni, a 2024 sama da mutum miliyan 13 suka yi rajista, kuma tun Yulin 2021 gwamnati ta taka wa kamfanonin darasin bayan makaranta birki, inda a da baƙi da yawa ke samun aiki. Makarantar gaskiya ita za ta yi miki intabiyu, ta aiko takardar ɗaukar aiki, ke da kanki ki je ofishin jakadanci a Abuja.

TAMBAYA: Malam, maigidana yana koyar da Turanci a Gambiya ƙarƙashin shirin gwamnati na tura ƙwararru waje. Da can kullum muna waya, amma tun da Mayu ya kama sai in kira bai ɗauka ba, in ya kira kuma minti biyu ya ce yana da aiki. Ƙawayena suna cewa in bincika. Daga uwargida a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Hajiya, ki gaishe min da ƙawayen naki, ki ce su kwantar da hankalinsu. Shirin da kike magana, TAC, tun 1987 Nijeriya ke tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik da shi, shekara biyu-biyu. Gambiya kuma tana cikin ƙasashe biyar masu WAEC, tare da mu da Ghana da Saliyo da Laberiya. Wato jarrabawar da ta hana malaman Gombe sakat a wannan watan ita ce ta hana shi, ga darasin safe, ga na yamma, ga tarin insha'i, kuma ba mai dafa masa abinci ko wanke masa riga. Sannan agogonsu yana bayan namu da sa'a ɗaya. In kika kira ƙarfe 3 kina ganin ya tashi, shi ƙarfe 2 ne, wataƙila yana gaban allo.

Ban san zuciyar mijinki ba, ke kika san ta. Amma alamar da kika kawo, ita kaɗai, alamar malami ce a watan Mayu. Ku tsayar da lokaci guda, ko Juma'a bayan an sauko ko Lahadi da hantsi, sauran kwanakin ki riƙa aika masa saƙon murya a WhatsApp, ki sa yara su yi masa surutu, ya saurara in ya ajiye biro. In an gama jarrabawa, Yuli ya shiga, wayar ba ta dawo yadda take ba, sake rubuto min.